Awon Kai

Ranar Talata bayan la'asar ta shigo maƙerata a Tudun Wada,
wata ɗaliba daga Samaru, wai ita Ladingo.
Ta miƙo waya: Baba, za ka iya ƙera wannan?
Wasan kwaikwayo gare mu, guda shida muke so.

Na goge hannu a riga, na duba.
Kwalkwali ne, amma ba irin na kakanninmu ba.
Ƙarfe zalla, da zanko a tsakar ka kamar na zakara,
baki ya lanƙwashe gaba da baya
sai ka ce kwalekwale aka ɗora wa mutum.
Ta ce sojojin Sifaniya ne suka sa shi
shekara ɗari huɗu da wani abu,
zamanin da bindiga ke jiran lagwani kafin ta yi magana.

Ta shafa wayar, wasu suka fito.
Wannan mai gaɓa-gaɓa a ƙeya kamar wutsiyar kunama.
Wannan ya rufe fuska ruf, sai 'yar tsagar ido.
Wancan kuwa tukunya ce kawai, ta talakan soja,
ba zane, ba ado,
sai wata lotsawa a gefen hagu.
Nan idona ya tsaya.
Maƙeri ya san bugun masaba,
ya kuma san bugun da ba nata ba.

Na yanka murfin durom, na hura gawayi,
zugazugi na ta haki kamar tsohon jaki.
Ina dukan ƙarfe ina tunanin wancan maƙerin,
abokin sana'ata na ƙasar sanyi,
da ban san sunansa ba, bai san nawa ba.
Shin ya auna kan yaron kafin ya ƙera?
Ko a tari sarki ya saya, kamar ƙwarya a kasuwa,
wanda ta yi wa yawa ya cusa tsumma?
Shin mai hular ya dawo ya ce, gyara mini nan,
ko hular ce ta dawo ita kaɗai?

Ranar Alhamis samarin suka zo awo.
Na zagaya kowane kai da igiyar rama, na ƙulla.
Suna dariya, suna tsokanar mai babban kai.
Na biyar ɗin ya sunkuyo,
ƙeyarsa da 'yar kwarmi, kunnuwa a baje,
hannuna ya ƙi ƙulla igiyar.

Haka ƙeyar Dogara take.

Hular kwanonsa na nan rataye a ƙusa,
sama da buhun gawayi, shekara uku ke nan.
Ni na saya masa a Sabon Gari ranar da ya karɓi babur.
Ya ce, Baba, wannan kwano dafa ƙwaƙwalwa yake yi,
bari rana ta yi sanyi tukuna.
Rana ba ta yi sanyi ba
har tifa ta sauko daga Kwangila.
A Shika suka ba ni agogonsa da takalmi ƙafa ɗaya.

Duk Juma'a nakan goge ta.
Ko ƙwarzane babu.
Tana sheƙi kamar ba ta san kome ba.

Na gama shida daren Asabar,
na shafe su da toka da man gyaɗa har suna ɗaukar ido.
Sai na ɗauki na biyar, na kifa a uwar maƙera,
na ɗaga masaba, na sauke sau ɗaya
a gefen hagu.

Da safe Ladingo ta juya shi a hannu.
Baba, wannan ya lotsa, ko za ka gyara?
Na ce, bar shi haka, 'yata.
Sauran biyar ɗin kaya ne.
Wannan an sa shi a ka,
mai shi kuma ya koma gida ya ci tuwo.